Jari da Ribarsa: Abin da Bincike Ya Gano a Kan Ilimi da Kasuwanci da Tattalin Dukiya



Gabatarwa

Na san akwai waɗanda za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan jari, alhali kuwa ga malaman tattalin arziki a zaune. Uzurina shi ne, kusan dukan binciken da aka yi a kan wannan al'amari da Turanci aka rubuta shi, cikin mujallun da ba su wuce ɗakunan karatu na jami'o'i. Uban da ke biyan kuɗin makaranta, da mai kantin da ke neman rance, da ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, su ne abin ya fi shafa, su ne kuma labarin bai isa gare su ba. Saboda haka aikin tafinta zan yi yau. Zan kawo abin da masana suka gano a fannoni uku, watau ilimi, da kasuwanci, da tattalin dukiyar mutum shi kaɗai, in kuma nuna abu guda da ya haɗa su.

Kafin nan, ya kamata mu daidaita a kan ma'anar kalmar. Bahaushe tun azal ya bambanta kuɗin cefane da uwar kuɗi. Kuɗin cefane an kashe su ke nan, sun tafi. Uwar kuɗi kuwa ana fitar da ita ne don ta komo da 'ya'ya, shi ya sa in aka ce wane ya cinye uwar kuɗi, kowa ya san an gama maganarsa a kasuwa. Jari dai shi ne abin da mutum ya hana wa bakinsa yau domin ya sami wanda ya fi shi gobe, kamar manomin da ya ɓoye irin shuka da bazara alhali rumbu ya kusa ƙarewa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Tambayar da masu bincike suka sa a gaba ita ce, wane ruwa ne yake jawo na rijiya, wanne ne kuma yake tsiyayewa a ƙasa?

Jari a kan ilimi

A cikin watan Disamba na 1960 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Shikago, Theodore Schultz, ya yi jawabi ga ƙungiyar masana tattalin arzikin Amurka. Ya ce bunƙasar arzikin ƙasashen Turai da Amurka ta zarce abin da za a iya bayyanawa da yawan filaye da injuna da ma'aikata, kuma ragowar tana cikin kawunan mutane da hannayensu. A ganinsa kuɗin da ake kashewa a kan karatu da horo da lafiya jari ne, kamar yadda gina masaƙa jari ne. Gary Becker ya faɗaɗa wannan ra'ayi cikin littafinsa na 1964, sannan Jacob Mincer a 1974 ya fitar da hanyar lissafin da har yau ake amfani da ita wajen auna yawan ƙaruwar albashi da kowace shekarar karatu take kawowa.

Wannan ra'ayi bai daɗe ba ya iso ƙasarmu. A 1959 aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba bukatun Nijeriya na ilimi mai zurfi, ya kuma miƙa rahotonsa a 1960, shekarar samun mulkin kai. Sunan da aka raɗa wa rahoton ma'anarsa ita ce zuba jari a ilimi. Shawarwarinsa na daga cikin abin da ya kai ga buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Legas a 1962. Ke nan tun ranar farko da sunan jari aka kafa waɗannan makarantu, kuma wanda ya zuba jari yana da haƙƙin tambayar ribarsa.

To, nawa ce ribar? George Psacharopoulos ya shafe shekaru tun daga 1973 yana tattara sakamakon bincike daga ƙasashe dabam dabam. A 2018 shi da Harry Patrinos suka haɗa ƙididdiga sama da 1,000 daga ƙasashe 139, suka sami cewa a matsakaici kowace shekara guda ta ƙarin karatu tana ƙara wa mutum kimanin kashi 9 cikin 100 na abin da yake samu. Sun kuma ga ribar karatun mata ta ɗara ta maza. Wannan riba ce mai kauri, domin ba sau ɗaya ake karɓarta ba, kowace shekara take zuwa har mutum ya ajiye aiki.

Amma akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan irin wannan lissafi. Mai yiwuwa ne waɗanda suka daɗe a makaranta dama can masu hazaƙa ne, ko 'ya'yan masu hali, waɗanda ko ba makaranta za su samu. Michael Spence a 1973 ya nuna cewa takardar shaida tana iya zama alama kurum, wadda mai ɗaukar aiki yake tace mutane da ita. Domin a warware wannan, Esther Duflo ta nazarci abin da ya faru a Indunusiya, inda gwamnati ta yi amfani da kuɗin man fetur ta gina makarantun firamare sama da 61,000 tsakanin 1973 da 1978. Wasu yankuna sun sami makarantu da yawa, wasu kaɗan, wasu yara kuma shekarunsu sun riga sun wuce lokacin da makarantar ta zo. Da ta kwatanta waɗannan rukunoni bayan sun girma, cikin aikin da ta buga a 2001, ta sami ribar shekarar karatu tsakanin kashi 7 zuwa 11 cikin 100. Hazaƙar yaro ba ita ta kawo makaranta ƙauyensu ba, don haka ƙaruwar daga karatun ta fito.

Mu ma mun yi irin wannan yunƙuri da kuɗin mai a daidai wannan zamani. A watan Satumba na 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadi don yara kimanin miliyan 2.3 da za su shiga aji ɗaya, sai ga sama da miliyan 3 sun zo. Azuzuwa suka yi kaɗan, aka ɗebi malamai da gajeren horo aka tura su. A nan ne matsala ta biyu ta bayyana, wadda ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A 1976 Ronald Dore ya yi gargaɗi a kan cutar neman takardar shaida, inda ɗalibi yake karatu don jarrabawa kaɗai. A 2001 Lant Pritchett ya nuna cewa ƙasashe da yawa sun ƙara shekarun karatun jama'arsu ƙwarai, amma arzikinsu bai ƙaru daidai da haka ba. A 2019 kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa adadin ya kusa yara 9 cikin 10.

Ma'anar wannan a fili take. Shekarun zama a aji su ne kuɗin da aka fitar, abin da yaro ya iya kuwa shi ne hajar da aka sayo. Uban da ya biya kuɗin shekara shida yaronsa ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, ya biya kuɗi bai karɓi kaya ba. Kuma ana iya gyarawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a darussa da dama. Hanyar koyarwa tana iya sauya ribar kuɗin da dama za a kashe.

Jari a kasuwanci

Yanzu mu bar aji mu shiga kasuwa. An daɗe ana cewa rashin jari ne yake danne ƙananan 'yan kasuwa, amma auna gaskiyar wannan yana da wuya, domin wanda ya sami jari sau da yawa shi ne dama wanda ya fi ƙwazo. Sai masana suka ari dabarar likitoci ta gwajin magani: a tara mutane masu kama da juna, a jefa ƙuri'a, a ba wasu, a bar wasu, sannan a bi sawunsu duka.

A 2005 Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff suka yi haka a Siri Lanka da ƙananan masu sana'a kimanin 400. An ba wasu kyautar abin da ya kai dala 100 ko 200. Sakamakon da suka buga a 2008 ya nuna ribar wannan ƙarin jari ta kai wajen kashi 5 cikin 100 a kowane wata, watau sama da rabin uwar kuɗin a shekara guda. Sai dai da suka raba maza da mata, suka ga kusan dukan ribar a wurin maza take, sana'o'in mata ba su motsa ba. Wannan ya ɗaure wa masana kai, har sai da bincike na gaba ya buɗe wani ɓangare na dalilin. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin da aka ba matar sau da yawa sana'ar mijin suke komawa. A Gana kuma, a biranen Akara da Tema, an gwada ba wasu tsabar kuɗi, wasu kuma aka raka su aka sayo musu kaya ko kayan aiki na daidai wannan kuɗi. Waɗanda aka ba kaya sun fi samun riba, musamman matan da sana'arsu ta riga ta kafu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna a gidan yawa. Tsabar kuɗi tana da masu jira da yawa, ga biki, ga rashin lafiya, ga ɗan'uwa da ya zo da bukata, amma keken ɗinki ba a yanka shi a raba.

Rance fa? Bayan Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen sun sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, an yi ta zaton ƙaramin rance zai kawar da talauci. A 2015 aka buga sakamakon gwaji shida da aka yi a Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko. Abin da aka gani shi ne, rancen ya ba mutane damar faɗaɗa sana'a da sarrafa lokacinsu, amma bai ƙara kuɗin shigar gida sosai ba a matsakaici. Waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda dama suna da sana'a a hannu kafin rancen ya zo.

Akwai kuma gwajin da aka yi a gida. A 2011 gwamnatin tarayya ta fara gasar tsarin kasuwanci mai suna YouWiN. Kusan mutum 24,000 suka nema, aka horar da wasu, aka ba mutum 1,200 tallafin da matsakaicinsa ya kai dala 50,000, ana biya kashi kashi bisa sharaɗi. Da yake da yawa daga cikin masu nasarar ta hanyar ƙuri'a aka fitar da su daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, David McKenzie ya sami damar kwatanta su da waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba. Bayan shekara uku, in aka ɗauki mutum 100 daga kowane rukuni, waɗanda suka ɗauki ma'aikata 10 ko fiye a cikin masu tallafin sun zarce na ɗaya rukunin da mutum 20 da 'yan kai. Wannan ya tabbatar da cewa akwai mutanenmu da rashin jari ne kaɗai ya tsare su. Amma a lura, an tace su tukuna, an horar da su, kuma ba a zube musu kuɗin gaba ɗaya ba.

Kada a ɗauka sai da banki ya zo muka san rance. Christopher Udry ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya tsakanin 1988 da 1989 yana bin bashin da manoma suke ba juna. Ya ga yawanci ba rubutu, ba jingina, tsakanin dangi da maƙwabta ake yi. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne, biyan bashin yana sauyawa da halin da aka shiga. In gonar mai cin bashi ta lalace, akan sassauta masa. In mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, wanda ya ci yakan biya da wuri, ko ya ƙara wani abu a kai. Watau bashin yana ɗauke da kariya a cikinsa, abin da takardar banki ba ta yi.

Tattalin dukiyar mutum shi kaɗai

Na zo ga ɓangaren da ya shafi aljihun kowane ma'aikaci a nan. Abu na farko da bincike ya nuna shi ne, wahalar mai ƙaramin ƙarfi ta fi yawa wajen tsare kuɗi. Pascaline Dupas da Jonathan Robinson sun buɗe wa mata 'yan kasuwa a yammacin Kenya asusun ajiya wanda ba ya biyan kuɗin ruwa, hasali ma ana cajin mutum in zai cire kuɗinsa. Duk da haka mata da yawa suka yi amfani da shi, kuma cikin aikin da aka buga a 2013 an ga jarin da suke sakawa a sana'arsu kullum ya ƙaru da sama da kashi ɗaya cikin uku. Sun yarda su biya don a nisanta su da kuɗinsu. Iyayenmu mata sun san wannan tun tuni, shi ya sa suke adashi. Mai zubi ba ta samun ko kwabo a kan abin da ta zuba, amma ranar kwasa tana karɓar dunƙulallen kuɗin da ba za su taɓa taruwa a ƙarƙashin katifa ba.

Abu na biyu shi ne rarrabawa. Harry Markowitz a 1952 ya nuna da lissafi cewa wanda ya raba dukiyarsa cikin abubuwan da ba su faɗuwa tare yana rage hatsari ba tare da ya rage riba daidai da haka ba, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Manomin ƙasar Hausa bai jira shi ba. A lokacin da malaman gona suke ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne, David Norman na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya auna gonakin ƙauyukan Zariya, ya kuma nuna a 1974 cewa wannan haɗi yana da hujja, domin yana ba da amfani mai kyau kuma yana tsare manomi daga tashi hannu rabbana in damina ta yi gardama. Ma'aikacin da ya zuba dukan kuɗin sallamarsa a abu guda ya bar hikimar kakansa.

Abu na uku shi ne haƙuri. Brad Barber da Terrance Odean sun bi sawun gidaje 66,465 masu sayen hannun jari a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun sami kashi 11.4 cikin 100 a shekara, alhali kasuwar kanta ta ba da kashi 17.9. La'adar dillalai da zaton mutum cewa ya fi kowa wayo su suka cinye bambancin.

Abu na huɗu shi ne gara mai cin kuɗi a ajiye, watau hauhawar farashi. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. A irin wannan hali, naira 100,000 da aka ajiye ba ta motsi, bayan shekara ɗaya abin da za ta saya bai wuce na naira 77,000 ba, bayan shekara uku kuma ya faɗi ƙasa da na naira 46,000. Don haka in an ce maka wani abu yana ba da riba kashi 15, fara cire hauhawar farashi kafin ka yi murna. Tsoron wannan gara kuma shi yake tura mutane hannun mayaudara. Tun daga Charles Ponzi a birnin Boston a 1920 har zuwa tsarin MMM da ya tsayar da biyan 'yan Nijeriya a watan Disamba na 2016, dabarar ɗaya ce, ana biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da sabbin shiga suka ƙare. Ka tambayi duk mai yi maka alkawarin riba, wace haja ake saye, wa ake sayar wa? In ba amsa, to kuɗinka ne hajar.

Kammalawa

Jama'a, in muka haɗa waɗannan fannoni uku za mu ga zare ɗaya ne ya ɗinke su. Riba tana nan, kuma mai yawa ce, a ilimi da ƙaramar sana'a da ajiya. Amma tana bin jarin da ya isa inda aka nufa da shi ne, ya kuma zauna can har ya haihu. Kuɗin makaranta sai sun zama iya karatu, tallafin sana'a sai ya zama kaya a rumfa, ajiya kuma sai ta tsira daga gara da ɓarawo da hannun mai ita.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan da ke rubuta kasafin kuɗi da rahoton shekara, in za ku ba da labarin aikinku, kada ku tsaya ga yawan azuzuwan da aka gina da adadin mutanen da aka raba wa tallafi. Ku koma bayan shekara biyu ku ƙirga yara nawa ne a aji uku suke iya karanta shafi guda, rumfuna nawa ne kuma har yanzu suke buɗe. Ku kuma ɗalibai, ku sani shekarun da kuke yi a nan uwar kuɗi ce, iyayenku da jama'ar ƙasa suka haɗa ta, kuma abin da kuka iya shi za a tambaye ku bayan an duba takardarku an mayar da ita cikin fayil. Akwai aiki ma a gabanku, domin galibin binciken da na ambata baƙi ne suka yi shi, har wanda aka yi a ƙauyukanmu. Adashin matan unguwarku, da bashin da ke tsakanin dillalan shanu da mahauta, da jarin da ubangida yake sallamar yaronsa da shi a kasuwa, duk suna jiran mai auna su, kuma kun fi baƙo jin harshen masu su.